Mummunan suna, ikon iyaye da sa bakin hukuma: tambayoyi da amsoshi

Raɗa wa jariri suna shi ne hukunci na farko da iyaye suke yankewa a kan mutumin da bai san ana yi ba, kuma shi ne zai ɗauki abin da ya biyo baya tsawon rayuwarsa. A mafi yawan gidaje lamarin ba ya jawo wata magana. Sai dai a Amurka da Turai da New Zealand an sha kai ruwa rana a kotu a kan sunayen da jama'a suke ganin cin mutunci ne, har wasu shari'o'in suka haɗe da batun raba yara da iyayensu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi game da iyakar ikon iyaye, da kuma inda ya dace hukuma ta tsaya.

Wace shari'a ce ta fi jawo hankalin duniya ga wannan batu?

Ita ce ta wani iyali a jihar New Jersey ta Amurka. A watan Disamba na 2008 iyayen wani yaro ɗan shekara 3 suka je kantin ShopRite na yankinsu (kamfani ne na Amurka, ba shi da alaƙa da Shoprite da aka sani a Najeriya) suka nemi a rubuta cikakken sunan ɗansu a kan kek ɗin zagayowar ranar haihuwarsa. Ma'aikatan kantin suka ƙi, domin sunan da aka raɗa wa yaron shi ne Adolf Hitler, wato sunan shugaban 'yan Nazi na Jamus wanda gwamnatinsa ta hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6, wanda kuma kakanninmu suke kiran Yaƙin Duniya na Biyu da sunansa, Yaƙin Hitila. Daga baya wani kantin Walmart a jihar Pennsylvania ya yi musu rubutun. Da labarin ya shiga jaridu sai aka gano cewa sunan ɗaya daga cikin ƙannen yaron mata yana ɗauke da kalmomin da masu aƙidar fifita farar fata suke yi wa kansu take da su. Uban ya shaida wa 'yan jarida cewa sunan ne kawai ya burge shi, kuma babu wani a duniya da zai sa wa ɗansa irinsa.

A watan Janairu na 2009, makonni kaɗan bayan wannan hayaniya, hukumar kula da yara da iyali ta jihar ta kwashe yaran uku daga gidan. A watan Nuwamba na 2011 aka haifa wa ma'auratan ɗa na huɗu, shi ma hukumar ta ɗauke shi jim kaɗan bayan haihuwarsa. A 2013 uban ya bayyana a kotu sanye da kakin 'yan Nazi, a zaman da ya je neman izinin ganin ɗansa.

To, sunan ne ya sa aka ƙwace yaran?

Iyayen sun dage cewa haka ne, kuma mutane da yawa har yau haka suke ba da labarin, amma abin da ke cikin hukuncin kotu daban ne. Kotun iyali da ta fara sauraron ƙarar ta ce ba a kawo isasshiyar hujjar cin zarafi ko sakaci ba. A watan Agusta na 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta soke wannan hukunci, ta ce akwai isassun hujjoji na tashin hankali a cikin gidan da ke jefa yaran cikin haɗari. Kotun ta yi la'akari da cewa iyayen biyu suna fama da larurori na jiki da na ƙwaƙwalwa waɗanda ba su sami kulawar da ta kamata ba, kuma su kansu an ci zarafinsu suna yara. Akwai kuma wata wasiƙa da uwar ta rubuta, wadda ta faɗa hannun maƙwabciya, inda take cewa tana tsoron mijin zai kashe ta. Daga baya ta amsa cewa ita ta rubuta, amma ta ce abin da ke ciki ƙarya ne.

Saboda haka a bisa doka ba a raba yaran da iyayensu don suna ba. Duk da haka ba zai zama adalci ba a ce sunan bai taka rawa ko kaɗan ba. Tazarar da ke tsakanin maganar kek da zuwan jami'ai ba ta kai wata biyu ba, kuma babu shakka hayaniyar ce ta sa idon jama'a da na hukuma ya koma kan gidan. A ganina wannan shi ne matsayin da ya dace suna ya riƙe: yana iya zama dalilin da zai sa a leƙa gida a duba halin da yara suke ciki, amma abin da aka tarar a cikin gidan shi ne zai yanke hukunci. Abin da ke damuna a nan shi ne gidaje masu yawa da ake irin wannan tashin hankali, amma da yake yaransu suna amsa sunaye na yau da kullum, babu wanda ya taɓa ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Me ya sa tun farko jami'an rajista ba su ƙi karɓar sunan ba?

Domin ba su da ikon yin hakan. A Amurka kowace jiha ce take tsara dokar rajistar haihuwa, kuma yawancin ƙa'idojin sun tsaya ne a kan abin da kwamfuta za ta iya ɗauka, kamar hana lambobi da alamomi da tsawon da ya wuce kima. Ƙa'idar New Jersey ta hana kalmar batsa da lamba da alama, amma sunan mutumin tarihi, komai muninsa, bai faɗa cikin ko ɗaya ba.

Tushen wannan sassauci yana cikin yadda Kotun Ƙolin Amurka ta daɗe tana kallon iyali. Tun a shari'ar Meyer da jihar Nebraska a 1923, da ta Pierce a 1925, kotun ta tabbatar da cewa tarbiyyar yara 'yanci ne na iyaye wanda tsarin mulki yake karewa, ta kuma sake jaddada hakan a shari'ar Troxel a 2000. Idan aka haɗa wannan da kariyar da ƙasar take bai wa 'yancin faɗar albarkacin baki, har da maganar ƙiyayya, sai jami'in rajista ya zama mai rubuta abin da aka faɗa masa kawai. Amma ikon iyayen ma yana da iyaka, domin a shari'ar Prince ta 1944 kotun ta ce iyaye suna iya sadaukar da kansu saboda aƙidarsu, amma wannan bai ba su damar sadaukar da 'ya'yansu ba.

Yaya sauran ƙasashe suke tafiyar da lamarin?

Tsarin Faransa ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya raba aikin gida uku. Daga 1803 doka ta taƙaita sunaye ga waɗanda ke cikin kalandu da na mutanen tarihin dā. A 1993 aka sake dokar, aka bar wa iyaye zaɓi. A yau jami'in rajista ba ya ƙin rubuta suna, amma idan ya ga sunan ya saɓa wa maslahar yaro sai ya sanar da mai gabatar da ƙara na gwamnati, shi kuma idan ya gamsu ya kai maganar gaban alƙalin harkokin iyali. Ta wannan hanya ce wata kotu a Valenciennes ta hana a kira wata jaririya Nutella, sunan wani abin shafawa a burodi, ta mayar da sunan Ella, bisa dalilin cewa sunan kayan kasuwa zai jawo mata tsokana. Babu wanda ya yi maganar ɗauke yarinyar daga hannun iyayenta. An gyara sunan, kowa ya koma gida.

A Jamus ofishin rajista yana iya ƙin sunan da zai cutar da yaro ko ya mayar da shi abin dariya, iyaye kuma suna iya ƙalubalantar hakan a kotu. Sunan Adolf shi kaɗai ba haramtacce ba ne, ko da yake ya yi ƙaranci ƙwarai bayan 1945. A Suwidin, wasu iyaye da suka ƙi yi wa ɗansu rajista don nuna adawa da dokar suna sun gabatar da wani jerin baƙaƙe da lambobi guda 43 a 1996, suka ce ana furta shi Albin, kotu ta yi watsi da shi. Ƙasar Iceland tana da kwamitin sunaye tun 1991. New Zealand tana ƙin sunan da zai ɓata wa mai hankali rai, da wanda ya cika tsawo, da wanda ya yi kama da muƙami ko sarauta. A Japan, wani uba ya so ya raɗa wa ɗansa Akuma, wato shaiɗan, a 1993, aka yi ta taƙaddama da hukumar birnin Akishima har daga baya ya zaɓi wani suna.

An taɓa samun kotun da ta karɓi ikon yaro saboda suna kawai?

An samu, amma sai an lura da yadda abin ya kasance. A 2008, a garin New Plymouth na New Zealand, alƙali Rob Murfitt yana sauraron rikicin riƙon wata yarinya 'yar shekara 9 tsakanin iyayenta da suka rabu, sai ya tarar sunanta jimla ce sukutum ta Ingilishi, mai nufin wance tana rawar mutanen Hawaii. Yarinyar tana jin kunyar sunan har ba ta faɗa wa ƙawayenta, ta ce su riƙa kiranta da harafin K kawai. Alƙalin ya sanya ta ƙarƙashin kulawar kotu domin a sami damar canza sunan, yana mai cewa suna irin wannan yana mayar da yaro abin dariya, yana kuma ɗora masa naƙasu a cikin jama'a ba gaira ba dalili. Matakin na ɗan lokaci ne, kuma manufarsa ɗaya ce, wato gyara sunan.

Shari'a ta biyu ta taso ne daga yankin Powys na Wales, ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila da Wales a 2016. Wata uwa ta haifi tagwaye, ta so ta kira macen Cyanide, sunan wata guba mai kisa nan take, namijin kuma da kalmar da ke nufin mai wa'azi. Hujjarta ita ce wannan guba tana da alaƙa da mutuwar Hitila, saboda haka alheri ce. Tagwayen sun riga sun shiga hannun hukuma saboda wasu dalilai da suka shafi lafiyar ƙwaƙwalwar uwar da halin rayuwarta. Kotun, ta bakin Mai shari'a King, ta ce sunan gubar zai yi wa yarinyar babbar illa a zuciya, ta hana shi, ta kuma ce irin wannan sa baki sai a lamari mafi tsanani. Wani abin lura a hukuncin shi ne an hana uwar raɗa wa namijin ma suna, duk da cewa nasa bai kai muni ba, domin kada yarinyar ta girma ta gane cewa an bar wa ɗan'uwanta sunan da uwarsu ta zaɓa, ita kuwa guba aka zaɓa mata. Aka bar wa yayyensu su zaɓa musu sunaye.

Idan haka ne, me zai hana a bar wa alƙalai wuƙa da nama?

Abin da ya faru a jihar Tennessee a 2013 ya isa amsa. Wasu iyaye sun je gaban wata alƙaliya mai suna Lu Ann Ballew saboda sun kasa daidaitawa a kan sunan dangin da ɗansu zai ɗauka. Sunansa na farko, Messiah, wato Almasihu, ba su da saɓani a kansa. Alƙaliyar ta ba da umarnin a mayar da shi Martin, bisa dalilin cewa mutum ɗaya ne ya cancanci wannan laƙabi, shi ne Yesu Kiristi. Wata guda bayan haka wani alƙali na sama ya soke umarnin, domin ya saɓa wa tanadin tsarin mulki da ya hana hukuma fifita wani addini, kuma a farkon 2014 aka sallame ta daga aiki.

Matsalar ita ce abin da wani yake gani cin mutunci, a wurin wani ibada ne ko gadon kakanni, kuma idan aka sakar wa jami'i mara, marasa rinjaye ne suke fara ɗanɗana kuɗarsu. A 2018 wata kotu a Toulouse ta hana a kira wani yaro Jihad, ta mayar da sunan Jahid, a lokacin da raunin hare-haren da aka kai Faransa bai warke ba, alhali a ƙasashen Larabawa sunan ba baƙo ba ne. Mu ma muna da misali a gida. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 kafafen labarai sun ruwaito cewa sunan Usama ya yawaita a tsakanin jarirai a Kano. Wani uban ya sa ne don nuna ra'ayin siyasa, wani kuwa don Usama ɗan Zaidu, sahabin da Annabi (SAW) yake ƙauna, wani kuma don sunan mahaifinsa ne. Babu jami'in da zai iya tantance waɗannan ukun daga bayan teburinsa. Wannan ne ya sa dokoki masu kyau suke ɗaure jami'i da ma'auni ɗaya, wato cutar da yaron, su kuma bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe.

Da gaske mummunan suna yana cutar da yaro, ko kuwa manya ne kawai abin yake ɓata wa rai?

Yana cutarwa, kuma ba sai an je nesa ba. A duba aji a ranar farko ta zango: malami ya buɗe rajista yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro yana amsawa, sai ya iso wani layi ya ɗan dakata, ya ɗaga kai, ya karanta da shakka, aji ya fashe da dariya. Yaron da ke kujerar baya zai ɗaga hannu ko ya so ko bai so ba, kuma gobe ma haka, da kowane sabon malami, da wajen karɓar magani a asibiti, da ranar da zai je neman aiki ko neman aure. Uban da ya zaɓi sunan ba ya wurin a ko ɗaya daga cikin waɗannan ranaku.

Binciken masana ya nuna abu biyu da ya kamata a riƙe tare. A wani nazari da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa a 2004, an aika takardun neman aiki iri ɗaya zuwa kamfanoni a Boston da Chicago, aka bambanta sunayen kawai, sai masu sunayen da aka saba ji a wurin fararen fata suka sami kira fiye da masu sunayen baƙaƙen fata da kimanin kashi 50 cikin 100. A shekarar kuma Roland Fryer da Steven Levitt suka bi bayanan haihuwa na jihar California, suka ga cewa idan aka yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito, sunan shi kaɗai ba ya nuna wani tasiri a kan makomarsa. Dukan nazarin biyu a kan sunaye na ƙwarai aka yi su, waɗanda laifinsu kawai wariyar masu ɗaukar aiki ce, don haka ba hujja ba ne a kan iyayen da suka zaɓe su. Amma sun nuna cewa mutane suna yanke hukunci a kan suna kafin su ga mai shi, kuma sau da yawa suna alama ce ta gidan da ya fito.

Niyyar iyaye tana canza wani abu?

Tana canza yadda za a kalli iyayen, ko da ba ta rage wa yaron nauyi ba. A Namibiya akwai ɗan siyasa na jam'iyyar SWAPO da aka raɗa wa suna Adolf Hitler Uunona, wanda ya ci zaɓen kansila a mazaɓar Ompundja a 2020, labarinsa ya zaga duniya. Ya bayyana cewa mai yiwuwa mahaifinsa bai san abin da Hitila ya aikata ba, shi kuma ba shi da wata alaƙa da wannan aƙida. A ɗaya ɓangaren, a 2018 wata kotu a Birmingham ta ɗaure wasu ma'aurata daga garin Banbury waɗanda suka sa wa ɗansu Adolf a matsayin suna na tsakiya don girmama Hitila. Laifin da aka same su da shi shi ne zama 'yan ƙungiyar National Action ta masu aƙidar Nazi, wadda gwamnatin Birtaniya ta haramta a 2016, sunan kuwa ya shigo ne a matsayin shaidar abin da ke ransu.

Al'adarmu ma ta san sunan da zahirinsa muni ne amma asalinsa ƙauna. Matar da 'ya'yanta suke mutuwa tun suna jarirai, wadda ake ce tana wabi, akan kira ɗan da ta haifa Ajuji ko Ayashe ko Ajefas, a nuna kamar ba a damu da shi ba, da fatan wannan karon zai zauna. Baƙon da aka fassara wa Ajuji zai ɗauka an wulaƙanta yaro ne, alhali tsananin son ya rayu ne ya kawo sunan. Sai dai akwai bambanci babba: irin wannan laƙabi ne, yaron yana da sunansa na yanka da aka raɗa masa ranar bakwai, kuma shi zai shiga takarda.

Mene ne matsayin Musulunci?

Malamai sun lissafa kyakkyawan suna a cikin haƙƙoƙin ɗa a kan mahaifinsa, wato abu ne da ake bin uba bashinsa. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, kuma Annabi (SAW) ya sha canza munanan sunaye. Ya mayar da sunan wata 'yar Umar daga Asiya mai harafin sadi, wadda ke nufin mai saɓo, zuwa Jamila. Wannan daban take da Asiya matar Fir'auna, wadda ake sa wa 'ya'yanmu sunanta. Ya mayar da Barra zuwa Zainab, domin sunan yana ɗauke da yabon kai. Buhari ya ruwaito cewa ya ce wa kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Hazn, wato mai tsauri, ya koma Sahl, mai sauƙi, sai ya ce ba zai canza sunan da mahaifinsa ya sa masa ba, kuma Sa'idu ya ce tsaurin bai gushe a cikinsu ba bayan haka. Wannan ya yi daidai da abin da Bahaushe yake nufi da cewa suna linzami ne.

Abin lura shi ne a duk waɗannan ruwayoyi maganin da aka yi amfani da shi canza sunan ne, kuma a labarin Hazn ko tilastawa ba a yi ba.

Me dokokin ƙasa da ƙasa da na Najeriya suka tanada?

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ce a sashe na 7 a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, kuma yana da haƙƙin samun suna. Sashe na 3 ya sa maslahar yaro a gaba a duk matakin da hukuma za ta ɗauka, sashe na 9 kuma ya hana raba shi da iyayensa ba da son ransu ba, sai hukumar da ke da hurumi ta ga hakan ya zama dole don maslaharsa, kuma kotu tana iya bitar matakin. Amurka ce kaɗai mambar Majalisar da ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yaro ta 1990 ita ma ta tanadi haƙƙin suna a sashe na 6.

A Najeriya, sashe na 5 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ce kowane yaro yana da haƙƙin suna, a raɗa masa ranar haihuwa ko ranar da al'adar iyayensa ta tanada, wanda ya bar wa bikin suna na ranar bakwai gurbinsa. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take rajistar haihuwa. A aikace kuwa, abin da ke tace suna a ƙasar Hausa ya riga hukuma isowa: uba yakan shawarci iyayensa da 'yan'uwansa, kuma sai ya raɗa wa liman sunan a kunne kafin a yi addu'a a sanar da jama'a. Sunan da bai dace ba da wuya ya tsallake wannan zaure.

Ai yaro yana iya canza sunansa idan ya girma, me ya sa za a damu?

Yana iya canzawa, amma bayan ya gama shan wahalar. Shekarun da suna ya fi yi wa mutum ciwo su ne na makaranta, kuma a lokacin ba shi da ikon sa hannu a komai. Bayan haka canjin ma ba ya share baya, domin tsohon sunan yana nan a takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa, kuma a zamanin intanet yana nan a duk inda aka taɓa rubuta shi. Duk wanda ya taɓa bin layin gyara harafi ɗaya tsakanin lambar NIN da BVN da takardar makaranta, da takardar rantsuwa a hannu da sanarwar jarida, ya san cewa canza suna gaba ɗaya ba aikin yini ɗaya ba ne.

Yaushe ne ya halatta a raba yaro da iyayensa?

Sai an tabbatar da cewa zamansa a gidan yana jefa shi cikin cuta mai tsanani, kamar duka, ko lalata, ko yunwa, ko rashin kulawar da ke barazana ga lafiyarsa, kuma babu wani mataki mai sauƙi da zai kare shi. A Amurka, tun shari'ar Santosky ta 1982, ba a yanke ikon iyaye dungurungum sai da hujja bayyananniya mai gamsarwa, wadda ta fi ta shari'ar kuɗi nauyi. A Ingila da Wales, Dokar Yara ta 1989 ta gindaya sharaɗin cuta mai girma, wadda ta auku ko ake fargabar aukuwarta.

Dalilin wannan tsauri shi ne rabuwar kanta rauni ce. Yaron da aka ɗauke daga hannun uwarsa aka kai gidan riƙo ya rasa ɗakin da ya sani da muryar da ya saba ji, wani lokaci har a raba shi da 'yan'uwansa, kuma yana iya yawo daga wannan gida zuwa wancan shekara da shekaru. Ba a jawo wa yaro wannan don a raba shi da suna, tunda alƙali yana iya gyara suna da takarda guda. Haka nan mummunar aƙidar iyaye, komai ƙyamar da muke yi mata, ba ta isa hujja ita kaɗai ba, domin ranar da aka yarda hukuma ta kwashe yara saboda abin da iyayensu suka yi imani da shi, babu tabbacin a kan wa za a juya wannan iko gobe.

Me dangi ko malami ko maƙwabci zai yi idan ya ga an ɗora wa yaro irin wannan suna?

Lokacin da magana ta fi amfani shi ne kafin a yanka rago ko a cike takardar rajista, kuma wanda ya fi dacewa ya yi ta shi ne wanda uban yake jin nauyinsa, kamar mahaifinsa ko kawunsa ko limamin unguwa, a keɓe, ba a gaban taro ba. Idan an riga an raɗa sunan, malamin makaranta yana iya tambayar yaron sunan da yake so a kira shi da shi, ya rubuta shi a gefen rajista, ya kuma hana tsokana tun ranar farko. Ɗaukar hoton takardar yaro a watsa a Facebook ko WhatsApp don a yi Allah wadai da iyayensa ƙarin cuta ne a kan yaron, domin sunansa ne zai yi ta yawo bayan an manta da iyayen. Kai rahoto ga ofishin jin daɗin jama'a ko 'yan sanda kuwa ya zama wajibi ne idan an ga alamun da suka wuce suna, kamar tabon duka, ko rama, ko yaron da yake firgita idan an ambaci gida, ko ihun uwa da ake ji ta katanga da dare. Mai kai rahoton ya faɗi abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji da kunnensa, da rana da lokaci, domin a kan waɗannan ne jami'i zai iya buɗe bincike, kuma su ne kotu za ta nema idan maganar ta kai gabanta.